Ƙwarzanen mota a cikin birni: Gyara ko rufa-rufa?

Da wuya a samu motar da ke kwana a cikin ganuwar Kano wadda ba ta da tabo a jiki. Wata bambarta ce ta gogu da kusurwar katanga, wata ƙofarta ce baro ya karce, wata kuma Adaidaita Sahu ce ta bar mata layin ruwan ɗorawa daga fitila har baya. Lungunan Yakasai, Mandawari, Koki, Sheshe da Marmara tun asali an tsara su ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Kasuwar Kurmi da ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ba ta tanadi wurin ajiye mota ba. Sannan tun da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, babura masu ƙafa uku suka cika titunan da ke tsakanin Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai da Jakara. Inda hanya ta yi ƙunci ababen hawa kuma suka yi yawa, gogayya ba ta da makawa.

A da, mai hali ba ya dogon tunani a kan wannan. Idan tabo ya yi yawa sai ya kai mota gareji a wanke ta da sabon fenti gaba ɗaya, ko ya sayar ya sayo wata. Yanzu lissafin ya sauya. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yunin shekarar, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Motocin Kwatano suka yi tashin gwauron zabi, haka ma fenti da tina da sauran kayan aikin da akasarinsu daga waje ake shigo da su ko kayan haɗinsu. Kowa ya koma lallaɓa wadda yake da ita. A nan ne ɗan gwangwanin feshi, wanda ake haɗa wa launi daidai da na mota, ya samu kasuwa.

Wannan gwangwani abu ne mai amfani, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma yana da iyaka, kuma hannu biyu ne ke ɗaukarsa: hannun mai son kare ƙarfen motarsa, da hannun mai son ɓoye aibinta ga mai saye. Ya kamata masu mota, masu fenti da dillalai su bambance waɗannan biyun, domin a tsakaninsu akwai dukiya, akwai lafiya, wani lokaci ma har da rai.

Abin da ke ƙarƙashin sheƙi

Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne. Akwai na farko da ke manne wa ƙarfe ya kare shi daga tsatsa. Akwai fentin ƙasa da ke daidaita fuska. Sai launin kansa. A sama kuma akwai wani ruwa garai-garai marar launi, wanda masu sana'ar ke kira kiliya, shi ne ke ba da sheƙi ya kuma tare zafin rana. Duka hawan nan idan aka haɗa su kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Saboda haka abu na farko shi ne a san hawa na nawa ƙwarzanen ya kai.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A wanke wurin, a jiƙa shi da ruwa. Idan layin ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, to a kiliya kawai ya tsaya, kuma man goge fenti da tsumma mai laushi sun isa. Fesa wa irin wannan fenti ɓarna ce. Idan farce yana maƙalewa a cikin layin, ko ana ganin wani launi daban a ƙasansa, ya ratsa launin, sai an cike. Idan kuwa ƙarfe ya bayyana, to maganar ta tashi daga ta ado. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfen da aka bari a buɗe zai iya jure rani, amma da zarar ruwan Yuli da Agusta ya sauka, tsatsa za ta kama, ta riƙa cin ƙarfen ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye har ya kumbura ya ɓare. Abin da kwalba ɗaya za ta rufe a watan Mayu, a watan Oktoba sai an kira mai walda.

Wannan shi ne babban amfanin gwangwanin feshi, kuma dalilin da ya sa ya dace kowane mai mota ya san yadda ake aiki da shi. Wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ne ya fara zuba fenti a gwangwanin feshi a 1949, kuma tun daga lokacin ƙaramin gyara ya zama abin da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa.

Lamba tana da rana, ido ma haka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shiga shago a ce a ba ni fari, ko a ba ni ruwan toka. Fararen motoci ba launi ɗaya ba ne. Kowace mota tana da lambar launinta a wata 'yar takarda ko faranti, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota, waɗanda suka fi yawa a titunan Kano, lambar tana biye da haruffan C/TR. Lamba 040 farin da aka saba gani ne, 070 fari ne mai ƙyalli irin na lu'ulu'u, 202 baƙi, 1F7 kuma ruwan azurfa. Honda tana rubuta nata da haruffa a gaba, kamar NH-731P na baƙi mai ƙyalli. Wanda ya je wurin mai haɗa fenti da wannan lamba ya riga ya yi rabin tafiya.

Rabin kawai, domin lambar tana faɗin launin da motar ta fito da shi ne ranar da aka ƙera ta. Motar da ta yi shekara goma a Amurka ko Turai, ta zo ta ƙara biyar tana shan ranar Afrilu mai kai maki 40 a ma'aunin zafi, ta koɗe. Ja ya fi kowa saurin koɗewa. Rufin mota da bonet sun fi ƙofofi shan rana. Idan kuma an taɓa sake mata fenti a baya, lambar ma ba ta da sauran amfani. Daga nan sai idon gwani.

Kano ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Marinan Ƙofar Mata sun shafe ɗaruruwan shekaru suna gane lokacin da baba ya nuna, da yawan tsomawar da za ta mayar da shuɗi mai haske ya zama mai duhu, ba tare da ma'auni ba. Mai haɗa fentin da ya ƙware haka yake. Yakan cire murfin tankin mai ya kawo kusa, ya ɗiga baƙi kaɗan, ya ƙara ɗigon ruwan ƙasa, ya shafa a gefen ƙarfe, ya jira ya bushe, ya fita da shi rana ya duba. Ya san cewa launin da ya dace a ƙarƙashin ƙwan lantarki zai iya bambanta da tsakar rana. Ya san fenti mai ƙyalli yana sauya haske gwargwadon nisan hannu da kaurin feshi, domin ƙananan ɓurɓushin da ke cikinsa suna kwanciya daban-daban. Ya san farin lu'ulu'u hawa uku ne, kuma gwangwani ɗaya ba zai taɓa fitar da shi daidai ba. Wannan ƙwarewa tana da farashi, kuma mai motar da ke taya ta kamar yana taya tumatir shi ne ke komawa gida da ƙofa mai launi biyu. Araha dai ba ta ado.

Inda gwangwani ya isa

Idan tabon bai wuce tafin hannu ba, ƙarfen bai lotsa ba, kuma a ƙasa-ƙasa yake ko a kusurwar bamba, mai mota zai iya yi da kansa. A wanke da sabulu a cire maiƙo. A goge tsatsa har ƙarfe ya yi fes. A sassauta bakin tabon da samfefa mai laushi da ruwa. A rufe kewaye da takarda. A fesa fentin ƙasa, a bari ya bushe. Sannan a girgiza gwangwanin launi sosai, a gwada a jikin wani ƙarfe tukuna, a riƙe shi nisan kamar taƙi ɗaya, a fesa sama-sama sau biyu ko uku da tazarar mintuna goma, a rufe da kiliya. Mai gaggawar da ya zuba da kauri lokaci guda zai ga fentin yana zubar da hawaye. Bambar roba kuma tana buƙatar nata fentin ƙasa na musamman, in ba haka ba sabon zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa.

Yanayin Kano ma yana da nasa sharaɗin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar samfefa. Da tsakar ranar bazara kuma ƙarfe yakan yi zafin da fentin zai bushe kafin ya kwanta. Safiya a inuwa, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura, ita ce lokacin aiki. Kada kuma a bar gwangwanin a cikin mota: masu yin sa suna gargaɗin kada ya wuce zafin maki 50, kuma cikin motar da aka kulle a rana yana wuce haka.

Amma tabo a tsakiyar ƙofa ko a kan bonet, ko launi mai ƙyalli, ko wurin da ya lotsa, wannan aikin gareji ne. A can ne ake fesa launin ya zarce zuwa ɓangaren da ke maƙwabtaka, yana raguwa a hankali har ido ya kasa gane inda sabo ya tsaya.

Fas bodi

Matsala mafi girma tana wuraren sayar da mota. Kalmar fas bodi, wato motar da ke ɗauke da fentinta na asali, tana ƙara wa mota daraja sosai, kuma saboda haka ake yawan ƙarya da ita. Motoci da yawa da ake shigo da su daga Amurka an saye su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa. Gyara irin waɗannan a sayar ba laifi ba ne. Da su ne talaka ke samun abin hawa. Laifin yana wurin da aka miƙe ginshiƙin da ya lanƙwashe da wuta da guduma, aka cike da fila mai kaurin yatsa, aka haɗa launi daidai, aka ce wa mai saye ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Ƙarfen da aka gasa aka miƙe ba ya komawa da ƙarfinsa na farko. Ranar da motar ta sake karo a hanyar Zariya ko ta Katsina, fentin ba zai tare komai ba, kuma iyalin da ke ciki ba su san abin da suka hau ba.

Wani dillali zai ce ai kowa ya san mota ta hannu ce, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mai saye ya buɗe nasa. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin an yi aikin ne musamman don idon ya kasa gani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai na cikin birni tun kaka da kakanni, ya hana algus da ɓoye aibi a ciniki, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi kaya ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta haramta yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Addini da doka sun haɗu a wuri ɗaya.

Wani kuma zai ce idan haka ne, ashe duk wanda ya rufe tabo kafin ya sayar da mota ya yi ha'inci. A'a. Wanke hajja da gyara ta ba algus ba ne. Bambancin yana cikin jimla ɗaya: wannan ƙofar an yi mata fenti, ga dalili. Wanda ya faɗi haka zai iya rasa wani abu a farashi, amma ya tsira da mutuncinsa da halaccin kuɗinsa.

Mai saye ma yana da abin yi. Ƙaramin maganaɗisu a cikin ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yana saki inda fila ta yi kauri. Ɓurɓushin fenti a kan robar gilashi, ƙusoshin fenda da aka taɓa kwancewa, da tazarar ƙofa da ba ta yi daidai da ta ɗaya gefen ba, duk suna magana. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti da ba ta fi wayar hannu girma ba. Lambar shasi ta motar da ta fito daga Amurka takan nuna tarihin haɗarinta a intanet. Kuma a duba mota da rana, ba da magariba ba.

Huhun yaron gareji

Akwai wanda ake mantawa da shi a duk wannan lissafi, shi ne yaron da ke riƙe da bindigar feshi. A garejoji da yawa daga Ƙofar Ruwa zuwa bayan ganuwa, feshi a fili ake yi ko a cikin rumfar kwano, mai aikin ya ɗaure hanci da tsumma ko ma babu komai. Fentin zamani mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin sa shi ya yi tauri, yana ɗauke da wani sinadari mai suna isosayanet. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana sanya masu fentin mota cikin rukunin da suka fi kowa kamuwa da asma ta dalilin aiki saboda shi. Hazonsa ba ya ganuwa, yana daɗewa a iska bayan an gama feshi, kuma tsumma ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ɗan kaɗan ma yana tayar masa da ciwon, sai ya bar sana'ar. Al'adar shan madara bayan aiki wai don ta wanke ƙirji ba ta da tushe: madara ciki take zuwa, fenti kuma huhu ya shiga.

Ga kuma dalma, wadda har yanzu ake samu a wasu fentin masu launin ja da ruwan ɗorawa. Arewa ta san illarta tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubarta daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Ƙurar tsohon fenti da ake gogewa a busasshe a lungun da yara ke wasa, kusa da mai kosai da mai shayi, ba ƙaramin abu ba ce. A cikin birni, inda gidaje ke manne da juna, garejin fenti maƙwabcin ɗakin kwanan wani ne.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ƙungiyoyin masu sana'ar, irin su NATA ta masu gyaran mota, su mayar da takunkumi mai matatar sinadari da gogewa da ruwa sharaɗi ga duk ubangidan da zai ɗauki yaro. Hukumomi irin su ITF da NADDC, waɗanda horar da masu sana'a yana cikin aikinsu, su sa fentin mota da kariyar lafiya cikin abin da suke koyarwa, da harshen Hausa, a inda masu aikin suke.

Na biyu, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Dala, Gwale da Birni su taimaka a samar da ɗakunan feshi na haɗin gwiwa masu fankar zuƙe iska a wajen unguwannin zama, inda mai fenti zai biya kuɗin awa ya yi aikinsa. Kora kawai ba ta magance komai, sai dai ta mayar da matsalar wani lungun. Ɗakin feshi kuma riba biyu ne: aiki ya fita ba ƙura, mai aiki ya fita da lafiyarsa.

Na uku, shugabannin dillalan mota su shigar da layi ɗaya a takardar ciniki, inda mai sayarwa zai rubuta ɓangarorin da aka yi wa fenti da waɗanda aka miƙe, ya sa hannu. Idan rigima ta taso, hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha ko kotu tana da abin dubawa.

Na huɗu, masu mota su san amfanin takardar inshorar da ke aljihunsu. Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar wajibi ta ƙananan motocin gida ya koma Naira 15,000, tana kuma biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har Naira miliyan 3. Wannan na aiki ne idan takardar ta gaskiya ce, daga kamfani mai rajista. Yawancin cacar bakin da ke tsayar da titi a kan layin da bai kai taƙi ba, har sai jami'an KAROTA sun zo, da sauƙi za su ƙare idan kowane ɓangare ya san akwai mai biya. Direban Adaidaita da ke fafutukar haɗa balas ɗin yini ba shi da kuɗin fentin ƙofar jif, kuma riƙe masa makulli ba zai haifar da su ba.

Motar cikin birni ba za ta rabu da tabo ba muddin lungunan suna nan yadda magabata suka bar su, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe su saboda fenti. Abin da ke hannun jama'a shi ne su rufe ƙarfe kafin damina, su biya gwani haƙƙin idonsa, su saya wa yaron gareji takunkumi, su kuma faɗa wa mai saye abin da ke ƙarƙashin sheƙin. Allah Ya sa a gyara.